Kan sarkin marubutan Lituweniya: salatif ya ɓata min Donelaitis

Sati shida na yi ina zarya gidan waya kafin ambulan ɗin ya iso. Kan sarki ne na ƙasar Lituweniya da aka buga don karrama marubutansu, na saya a hannun wani mai sayarwa a intanet da masu tara kan sarki ke yawan yabo. Kuɗin aikowa ya kusa kamo kuɗin kayan, amma ban damu ba.

Da na buɗe, wallahi raina ya yi fari. Na 1997, na cikar shekara 450 da fitowar littafi na farko a harshensu, wanda Martynas Mažvydas ya wallafa a 1547, ya zo tsaf, haƙoran gefensa cif-cif. Ga Žemaitė, matar da ba ta fara rubutu ba sai da ta kusa shekara hamsin. Ga Motiejus Valančius, limamin cocin da ya tsara shigo da littattafai a ɓoye lokacin da Rasha ta hana buga harshen da baƙaƙen boko, daga 1864 zuwa 1904. Har na fara cewa mutumin nan ya ci taurari biyar.

Sai na kai ga wanda dominsa na yi odar: Kristijonas Donelaitis, na 2014, shekara 300 da haihuwarsa. Waƙarsa Metai ta bi lokutan shekara huɗu da wahalar manoma, kuma duk sanda na karanta fassararta sai mahaifina ya faɗo min, yana duƙe a gona da damina. To, shi wannan ɗin ne aka manna da salatif a jikin kwali. Ba a leda ba, salatif a kan fuskar hoton! Na ɗauki matsefata na bi a hankali, numfashi ma da ƙyar nake yi, amma ina, launin ya biyo salatif ɗin, ya bar farin tabo a tsakiya.

Na rubuta masa har da hoto. Bayan kwana huɗu ya amsa cewa haka yake aika wa kowa, wai zai rage min a oda ta gaba. Wace oda kuma? Sai a lokacin na tuna ambulan ɗin ma ba shi da ledar kare ruwa, ga shi da damina ya taho.

Taurari biyu na ba shi, su ma albarkacin Mažvydas. Gurbin Donelaitis a kundina yana nan fayau, ina neman wani mai sayarwa.