Sashen gwajin EEG na yara: abin da na gani

Ɗiyata takan ƙame na 'yan daƙiƙu, ido a buɗe, ko an kira ta ba ta amsawa. Likita ya tura mu gwajin EEG, wato gwajin da ke nuna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa a matsayin layuka a kan allo, kuma gaskiya na yaba da aikinsu.

Ma'aikaciyar ta iya da yara. Tana manna mata wayoyi kusan 20 a fatar kai tana janta da hira, sannan ta miƙa mata fankar takarda ta yi ta hurawa har minti 3. Nan take ƙamewar ta zo, layukan allon suka hau tsalle. Farfaɗiya ce, irin wadda ba ta kayar da yaro.

Ba allura, ba zafi. Sai dai man mannawar ya yi wuyar fita daga gashi, rubutaccen sakamakon ma sai da muka yi ta bibiya.