Faifai ko saukewa: bayani daga Ingila ga masu gidajen gem na Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ƙannena masu gidajen gem a Samaru da Kongo da Tudun Wada da Sabon Gari. Tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da ke isowa nan Ingila daga gida ita ce: wace PlayStation 5 (PS5) za a sayo, mai cin faifai ko marar ci wadda ta fi araha? Wasu ma cewa suke yi sun ji Turawa sun bar faifai, don me mu za mu tsaya a baya. Ni dai ra'ayina, wanda zai yi aiki da na'ura a Zariya ya sayi mai cin faifai. Sai dai faifan yanzu ba irin na zamanin PS2 ba ne, akwai abubuwan lura kafin a tura kuɗi.

Gaskiya ne saukewa ta intanet ta yi rinjaye a nan. Alƙaluman da kamfanin Sony ke fitarwa sun nuna sama da kashi 70 cikin 100 na gem ɗin da ake saya a PlayStation yanzu sauke su ake yi. Tun fitowar PS5 a Nuwamban 2020 iri biyu aka yi ta: mai faifai a kan fam 449.99, marar faifai a kan fam 359.99. Xbox Series S ba ta da wurin sa faifai ko kaɗan. PS5 Pro da ta fito a Nuwamban 2024 a kan fam 699.99, ita ma haka ta zo, sai mutum ya sayi na'urar karanta faifan daban.

Abin da ya sauƙaƙa musu hakan uku ne, kuma ukun duk ba mu da su yadda suke da su. Intanet ɗin gida a nan kuɗin wata ake biya, ba a ƙirga giga. Wuta ba ta ɗaukewa, mutum ya bar na'ura tana saukewa ya kwanta. Katin bankinsa kuma yana shiga shagon PlayStation kai tsaye. Ga lissafi a fili: gem mai giga 50, a layin da ke gudun megabit 100 a daƙiƙa, awa ɗaya da 'yan mintuna ya sauka. A layin da ke ba da megabit 10, awa 11 ne. Idan 5 ne, kamar yadda waya kan yi da yamma lokacin da unguwa duka ta hau intanet, awa 22. A ɗora kuɗin datar giga 50, a ɗora man janareto na waɗannan awannin, sai a ga rarar kuɗin da aka samu a marar faifai ta zube tun kafin a kai gem na uku ko na huɗu. Araha ba ta ado. Wanda ke da Starlink, da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, da kuma sola mai inbata, lissafinsa daban ne, amma mutum nawa ne a cikinmu?

Akwai kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar saukewa. Yawanci idan an kunna na'urar za ta yi gyaran rumbun ajiyarta ta ci gaba daga inda ta tsaya, amma wani lokacin fayil ɗin lalacewa yake yi, sai an goge an faro daga farko. Idan na'ura ta fara nauyi ko gem ya ƙi buɗewa bayan irin wannan, a kashe ta gaba ɗaya, a danne maɓallin kunnawa har a ji ƙara ta biyu, kamar daƙiƙa 7, a haɗa fad, wato abin riƙewa a buga wasa, da igiyar USB, a zaɓi Rebuild Database. Ba ya goge gem ko inda aka tsaya a wasa. Wanda ke gogewa shi ne mai suna Initialize a PS4 ko Reset a PS5, a kiyaye hannu kada ya kai nan.

Duk da rinjayen saukewa, kasuwar faifai ta hannu tana nan da ranta, kuma ita ce babban amfaninmu. Kusan kowane babban gari a nan akwai shagon CeX, mai saye da sayar da kayan hannu. A kan kanta kwalaye ne jere babu komai a ciki, kowanne da farashinsa manne. Ka ɗauki kwali ka kai wa mai shago, ya zaro faifan daga cikin aljihun tebur a bayansa, ya juya shi a ƙarƙashin fitila ku duba tare, sannan ya sa a kwali ya ba ka da rasiti. Idan kai ka kawo na sayarwa, farashi biyu zai faɗa maka: na tsabar kuɗi, da na takardar sayayya a shagon, wanda ya fi yawa. Sabon babban gem a shagon PlayStation na intanet fam 69.99 ne, alhali faifansa sabo dal a shagunan gari sau da yawa ya fi haka sauƙi, na hannu kuma ya fi sauƙi ƙwarai. Gem ɗin ƙwallo ya fi kowanne saurin faɗuwa: da zarar sabo ya fito a ƙarshen Satumba, na bara sai ya koma 'yan fam kaɗan. Shagon GAME ya daina karɓar na hannu tun farkon 2024, don haka wanda za a aika ya nufi CeX ko eBay.

Wannan shi ne ainihin bambancin. Faifai kaya ne a hannunka: ka gama da shi ka sayar a kasuwar Sabon Gari, ko ka yi musaya da maƙwabcinka mai gidan gem, ko ka ba da aro. Wanda aka sauke kuwa lasisi ne a maƙale da asusu, ba ya sayuwa ba ya aruwa. Har sai da jihar Kalifoniya a Amurka ta yi doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, cewa dole mai sayarwa ya fito fili ya gaya wa mai saye izinin amfani ya biya, ba mallaka ba. Mayar da kuɗi ma a shagon PlayStation kwana 14 ne, kuma da sharaɗin ba a fara saukewa ba.

Maganar asusu ita ce inda mutanenmu suka fi yin asara, don haka zan ɗan tsaya a kai. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, shi ya sa kowa ke buɗe na Amurka ko na Ingila. Ƙasar da aka zaɓa ranar farko ba ta canzuwa. Katin kuɗin da ake lodawa dole ya zama na wannan ƙasar: katin fam ba ya shiga asusun dala. Shi faifan kansa ba shi da shinge, na Amurka yana ci a na'urar Ingila lafiya lau. Amma ƙarin da ake saya a cikin gem, kamar sababbin 'yan dambe a Mortal Kombat, sai ƙasar asusun ta dace da yankin faifan, in ba haka ba a biya kuɗi abin ya ƙi fitowa. Gane yankin ba wuya. A dubi kusurwar kwalin ta ƙasa: idan lamba ce kamar 3 ko 12 ko 18 da rubutun PEGI, na Turai ne, idan harafi ne kamar E ko T ko M da rubutun ESRB, na Amurka ne. Mai asusun Ingila ya riƙa sayen na PEGI, shi ke nan.

Sai masu sayar da asusu mai gem goma a kan kuɗin gem ɗaya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Asusu ɗaya na'urar PS5 ɗaya kacal yake iya zama gidansa, haka ma PS4 ɗaya. Mai sayarwar yakan sayar wa mutum uku ko huɗu, ranar da wani ya kunna nasa sai ka wayi gari ka ga hoton kwaɗon kulle a kan gem ɗinka, ga yara sun cika shago. Idan ya canza kalmar sirri kuwa, babu wanda za ka kai wa ƙara.

Ba wai saukewa ba ta da inda ta fi ba. Idan asusun naka ne na kanka, gem ɗaya da ka saya zai yi aiki a na'ura biyu lokaci guda. A ta farko a shiga Settings, sai Users and Accounts, sai Other, a kunna Console Sharing and Offline Play. A PS4 kuma sunansa Activate as Your Primary PS4. Wannan na'urar za ta buɗe gem ko babu intanet. Ta biyun ita ce sai an shiga da asusun kuma tana kan layi, da layin ya yanke na wani lokaci sai kwaɗon ya dawo. Idan kwaɗo ya fito a na'urar da ke naka halak, a hau intanet a danna Restore Licenses a wannan shafin. Faifai kuwa na'ura ɗaya yake wa aiki, domin ko bayan an kwashe gem ɗin cikin rumbu dole ya zauna a ciki a matsayin mabuɗi. Mai na'ura biyar da ke son gem ɗin ƙwallo na FC a kowacce, faifai biyar zai saya. Kuma abin da aka sauke ba ya karcewa, ba a kuma sa shi a aljihu a fita da shi.

Yanzu abin da faifai ba ya magancewa. Akwai waɗanda kwalin ne kawai da suna: faifan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 abin da ke cikinsa bai kai megabait 100 ba, duk sauran saukewa ake yi. Akwai waɗanda ba sa motsi sai da intanet, kamar The Crew, wanda aka rufe sabarsa, wato kwamfutar kamfanin da yake haɗuwa da ita, a ƙarshen Maris na 2024, masu faifai ma suka rasa shi. Kafin a saya a juya bayan kwalin, idan an rubuta ana buƙatar intanet a ajiye shi. Masoya gem ɗin ƙwallo na PES su sani PES 2021 ne na ƙarshe a faifai; eFootball da ya gaje shi tun 2021 kyauta ne amma saukewa kawai ake yi. FIFA 23 ne na ƙarshe da wannan suna, daga 2023 ya koma EA Sports FC. Shi wannan ana sa faifai a buga wasan mutum biyu ko babu intanet, sai dai 'yan wasa za su tsaya a kulob ɗin da suke lokacin da aka buga faifan, har sai an sauke sabuntawa.

A kula da irin na'urar ma. Siririyar PS5 da ta fito a ƙarshen 2023, mai rumbun tera 1, ana iya ƙara mata na'urar faifai daga baya, wadda farashinta na farko a nan fam 99.99 ne, amma sai an haɗa ta da intanet sau ɗaya don su san juna. A sa wanda ya sayo ya yi wannan tun a nan kafin ya rufe kwali. Wannan na'urar ta faifai ba ta shiga tsohuwar marar faifai ta 2020, wadda ita haka za ta ƙare. Mai faifan tana cin kusan duk faifan PS4, kuma fad ɗin PS4 yana aiki da su a kanta, wanda sauƙi ne babba ga mai shago tun da fad ne ke fara mutuwa. Faifan PS5, mai farin layi a saman kwali, ba ya ci a PS4. Kayan Ingila wutarsu da filoginsu mai baki uku iri ɗaya ne da namu. Wanda ya fito daga Amurka a karanta rubutun wutar da ke jikinsa kafin a soka. PS5 tana jan kusan wat 200 ana cikin wasa, a sa wannan a lissafin inbata.

Ga wata dabara ga mai ɗan uwa a waje. A sayi rumbun waje mai USB 3.0, daga giga 250 zuwa tera 8 duk na'urar na karɓa. Ɗan uwan ya jona shi a na'urarsa, ya mayar da shi Extended Storage, ya zuba gem ɗin da duk sabuntawarsu da intanet ɗinsa, ya aiko da rumbun tare da faya-fayan. A gida sai a jona, a sa faifai, a fara wasa ba tare da an taɓa data ba. Na PS4 ana buga su kai tsaye daga rumbun. Na PS5 sai an kwafe su cikin na'ura tukuna, aikin 'yan mintuna. Tsohuwar PS5 giga 825 aka rubuta mata amma kusan 667 ne ke hannunka, rumbun waje zai hana a riƙa goge wannan don a sa wancan.

Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gabar faifai da idon da ke karanta shi. A goge faifai da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, miƙe, ba zagaye ba, kuma ba da bakin riga ba. Kada a bar shi a kan talabijin ko saman na'ura mai zafi. A ɗaga na'urar daga ƙasa, a rufe ta da mayafi bayan ta huce, ba tana aiki ba. Idan PS4 ta nuna lambar matsala CE-30005-8, a gwada wani faifan: in ya ci, na farkon ne ke da datti ko karce, in duk sun ƙi, idon ne ko rumbun ciki. Wajen sayen na hannu a ɗaga shi sama a dubi zoben tsakiya, don ƙaramin karce a fuska sau da yawa ba ya hana shi ci, amma tsagewa a bakin ramin ƙaruwa take yi duk lokacin da ya juya. Wasu manyan gem kamar Red Dead Redemption 2 faifai biyu ne a kwali ɗaya, na zubawa da na wasa, a ƙirga su tun a gaban mai shago.

A gaida mutanen gida baki ɗaya. Allah ya ba da kasuwa.