Shagon kayan ibada na gangaren Roman Hill: a duba shekarar bugu kafin a biya

Ranar Asabar na shiga trotro, motar haya, daga unguwar Aboabo a Kumasi don in sayo wa ɗana littafin Katekisim, wato littafin koyarwar cocin Katolika, saboda ajin da ya fara. Shagon yana ƙasa da babbar majami'ar St. Peter, ɗan ƙarami ne, mutum uku suka shiga ya cika. Amma kaya kam akwai: carbi na katako da na roba, kyandir, turare, gicciye manya da ƙanana. Carbin katakon da na saya bara har yau bai tsinke ba, ga shi kullum a aljihu tare da makullai.

Mai shagon tsohuwa ce, tana jin Hausa irin ta Zango, kuma ba ta tsuga kuɗi. Kuskure ɗaya ta yi mini. Littafin da ta miƙo tsohon bugu ne, ba ta faɗa ba, sai a gida na gane da na buɗe sakin layi na 2267. Tsohon bugun bai rufe ƙofar hukuncin kisa gaba ɗaya ba, in babu wata hanyar kare rayukan jama'a. A 2018 Fafaroma Francis ya sa aka sake rubuta wurin, ya zama hukuncin ba abin yarda ba ne. Ita ma Ghana majalisarta ta soke shi a kan laifuffukan yau da kullum a 2023.

Da na koma ranar Litinin, sai na tarar da wani dattijo, tsohon katikis, wato malamin koyarwar coci, zaune a bencin ƙofa. Yana jin abin da ya kawo ni ya ce, "Ɗana, riƙe abinka, wannan ne na ainihi. Koyarwa ba riga ba ce da za a kai wa tela kowace shekara."

Na ce, "Baba, ku da kuka ga sujada da Latin, yau ba da Twi kuke waƙa ba?"

Ya yi dariya, ya ce harshe daban, koyarwa daban. Majalisar Vatican ta Biyu, babban taron shugabannin cocin Katolika daga 1962 zuwa 1965, ta buɗe wa harsunanmu hanya, Bishop Peter Sarpong kuma ya shigo da ganguna da rawar Asante cikin sujada a nan Kumasi, shi Baba kuwa da su ya tsufa. Abin da bai yarda da shi ba, a taɓa abin da aka ce daidai ne jiya. Ni kuwa ina ganin cocin da ke koyar da darajar rai tun fil azal ne ya ƙarasa maganar da ya fara. Ba mu daidaita ba.

Mama mai shagon dai ta karɓi tsohon bugun, ta ce sabon bugu sai mako mai zuwa daga Accra, ta rubuta lambata a bayan kwali. Kafin in fita Baba ya riga ya zaro kuɗi ya saye wanda na mayar.