Gargaɗi: Ku yi hattara da masu tallan "janareta mara mai"

Jama'a, in kun ga tallan janareta mara mai a Facebook, ko an turo muku bidiyonsa a WhatsApp, ku riƙe kuɗinku. Yayana ya faɗa tarkon nan a watan jiya, naira dubu ɗari bakwai da hamsin suka salwanta, kuma da izininsa nake wannan rubutu.

Yaya shagon lemo da ƙanƙara gare shi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ribar shagon a tankin janareta take ƙarewa. Sai ga wani mai fara'a da daɗin baki, wai shi injiniya ne, ya ƙera injin da ba ya shan fetur ko dizal, ba ruwansa da hasken rana, da wutar da ya samar yake juya kansa. Ya ja Yaya zuwa wani ɗaki ya nuna masa akwatin ƙarfe mai koren fenti, girman ƙaramin firiji. Ya danna maɓalli, abu ya hau ruri, ƙwai huɗu suka kama, fanka ta juya. Minti ashirin suna tsaye suna kallo. Da Yaya ya ce a buɗe ya ga ciki, sai mutumin ya ce, "Alhaji, sirrin sana'a ne. In aka kwance noti ɗaya, garanti ya lalace." Har ya rage murya ya ce dillalan mai ne ba sa son talaka ya san wannan fasaha.

A daren farko aka jona firiza, kafin asuba inji ya yi tsit. Da aka kira mutumin ya ce lodi ne ya yi yawa, a turo dubu hamsin a ƙara masa ƙarfi. Allah ya sa ba a tura ba. Bayan kwana uku lambar ta daina shiga, ɗakin kuma ashe na haya ne, an garƙame shi da kwaɗo.

Mai gyaran janaretan layinmu ne ya ɓalle murfin a gabana. Batura biyu, inbata, da wani moto da ke juya tsohuwar altanato ta mota (na'urar da ke cajin batir) da bel, sai waya daga altanaton ta koma kan baturan. Shi ke nan "sirrin". Ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan ai ɗiban ruwa ne daga randa da moɗa mai yoyo, kana mayarwa cikin randar. Ko ka kwana kana yi, ƙasa ruwan zai yi."

Gaskiya ya faɗa. Makamashi ba a ƙirƙirarsa daga babu, sauya kama kawai yake yi. James Joule a Ingila ya auna wannan tun a shekarun 1840, Hermann von Helmholtz a Jamus ya shimfiɗa ƙa'idar a 1847, kuma har yau ba injin da ya karya ta. Kowane janareta da abin da yake ci. Na gida fetur, na Kainji ruwan Kwara da ke gangarowa, sola kuma rana. Akwatin Yaya cajin da aka ɗura wa baturan kafin a kawo shi yake ci. Ɗumin da ka ji in ka dafa moton, da rurin da ya burge Yaya, duk wuta ce ke tsiyayewa. Abin takaicin ma, da an cire moton da altanaton an bar batura da inbata kawai, da firizar ta fi daɗewa tana aiki.

Damfarar tsohuwa ce. A 1813 wani Charles Redheffer ya baje irin wannan inji a birnin Niyok na Amurka, ana biya a shiga kallo. Injiniya Robert Fulton ya lura da yadda juyin ke tangaɗi, ya ɓamɓare katakon jikin bango, sai ga siririyar igiya. Aka bi ta har wani ɗaki a sama, aka tarar da wani tsoho zaune, yana murɗa hannun injin yana cin burodi. Tun kafin nan, a 1775, Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta gaji, ta yanke cewa ta daina duba duk injin da aka ce yana juya kansa har abada. Haka Stanley Meyer mai "motar da ke shan ruwa", wanda ake ta yawo da bidiyonsa, kotu a jihar Ohayo ta same shi da zamba a 1996.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda mutumin ya fake da addini. Duk tambayar da ta matse shi sai ya ce, "Ikon Allah ne, ko kana shakka?" Ba mai shakkar ikon Allah. Wanda ya tsara wuta ta yi ƙuna shi ya sanyaya ta ga Annabi Ibrahim. Amma mu'ujiza ta Annabawa ce, ba haja ba ce da ake bayarwa da rasit da garantin wata shida.

In wani ya zo muku da nasa, ku ce za ku kawo mai gyaranku ya buɗe akwatin, sannan a jona firiza da dutsen guga a bar shi kwana biyu a gidanku kafin ku ba da ko sisi. Za ku ga ya tsiri uzuri.

Namu dai mun kai ƙara ofishin 'yan sanda. Shafin tallan mutumin ya sauya suna, amma bidiyon ɗaya ne, koren akwati da ƙwai huɗu, yanzu har da "rangwamen mutum goma na farko". Baturan ma da aka gwada, ɗaya ya riga ya mutu.