Nama ko Ƙaho da Fata: Wanne Za a Tsallaka Iyaka da Shi?

Masu zuwa farauta Namibiya da Afirka ta Kudu sun sha tambayata: nama za su dawo da shi, ko ƙaho da fata?

Nama ya fi arha, amma hanyarsa kusan a toshe take. Amurka ta haramta shigar da naman dajin Afirka saboda cututtuka irin su Ebola, Tarayyar Turai kuma ba ta barin matafiyi ya shigo da nama daga Afirka. Busarwa ba ta canza hukunci, ko ya bushe ƙayau kamar kilishi, ƙwacewa za a yi, wani lokaci har da tara.

Ƙaho da fata na wucewa, sai dai da takardu da kuɗi: lasisin farauta, shaidar likitan dabbobi, da izinin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1973 kan cinikin dabbobi da tsirran dajin da ke cikin haɗarin ƙarewa, idan dabbar na cikin jerinta, kamar damisa ko giwa. Ga kuɗin jima, ga na jigila, ga jiran watanni. Amma suna shekaru ba su lalace ba.

Mai son nama ya ci a sansani, ya rabar da saura ga mutanen wurin. Mai haƙuri da aljihu mai nauyi, ƙaho da fata ne nasa.