Fate/Apocrypha: Daren da Karna Ya Hana Ni Barci, da Haushin da Ya Biyo Baya

Ƙarfe ɗaya na dare ya gota, an ɗauke wuta tun bayan magariba, cajin wayata kuma ya kusa ƙarewa, lokacin da na buɗe kashi na 22 na Fate/Apocrypha, shirin zane mai motsi na Japan, da niyyar in leƙa minti biyar kawai in kwanta. A lokacin na riga na yanke ƙauna da shirin, ina ci gaba da kallonsa ne domin kada kuɗin wata guda da na biya manhajar kallo ya tafi a banza, ga kuma data wadda kowa ya san yadda farashinta ya koma. Ban kwanta ba sai da na kalli kashin har sau biyu, na biyun ma ina zaune a bakin gado da wayar a jone da ma'ajiyar caji ta ƙanina, wadda na ɗauko daga ɗakinsa ba tare da na tashe shi ba.

Shi ƙanin nawa ne ya jefa ni cikin wannan lamari tun farko. Ya san yadda Fate/Zero, wani shirin da ya gabace shi a jerin, ya kama ni, inda masu sihiri bakwai suka kira jarumai bakwai na tarihi da na almara domin su yi yaƙi a kan ƙoƙon da ake cewa yana biya wa wanda ya ci nasara kowace buƙata. Sai ya ce mini, “Yaya, wancan ai wasan yara ne, a wannan bakwai ne suke karawa da bakwai.” Haka kuwa aka tsara shirin, wanda ya fito a 2017 cikin kashi 25, an kuma ciro shi daga littafi mai juzu'i biyar. Reshe ne da ya balle daga asalin labarin, domin a nan an sace babban ƙoƙon daga birnin Fuyuki na Japan tun zamanin yaƙin duniya na biyu, aka ɓoye shi a Romaniya shekara sittin, har dangin Yggdmillennia suka yi shelar ballewa daga ƙungiyar masu sihiri. Su ne Baƙar runduna, waɗanda ƙungiyar ta turo su murƙushe su kuma su ne Jar runduna.

Abin da ya faru a kashi na 22 shi ne karawar da na daɗe ina jira, tsakanin Karna na Jar runduna da mai ɗauke da takobin Siegfried, jarumin almarar Jamus na ɓangaren Baƙar runduna. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya san irin jarumin da ake kira Karna ko da bai san sunan ba, wato mutumin da ya fi kowa cancanta amma ƙaddara ta ajiye shi a ɓangaren da zai faɗi. A almarar Mahabharata ta Indiya ɗan allan rana ne, an haife shi da sulken zinariya a manne da fatarsa, kuma ba ya mayar da mai roƙo hannu rabbana, har ya yanke sulken ya miƙa wa wanda ya zo masa da yaudara. Shirin ya riƙe wannan hali nasa da kyau. Kafin ya ɗaga mashi, sai da ya nemi abokan gaba su kuɓutar da ubangidansa, wato mai sihirin da ya kira shi, wanda aka bugar da guba, mutumin da ko magana ɗaya ta kirki bai taɓa yi da shi ba. Wannan ɗan abin ya fi mini dogayen jawaban shirin gaba ɗaya.

Da aka fara faɗan kuwa, zanen ya sauya kama baki ɗaya. Tsabtatattun layukan da aka saba gani suka warware, fuskoki suka riƙa miƙewa suna lanƙwashewa, ƙasa ta narke ta zama ruwan wuta a ƙarƙashin ƙafafunsu, duwatsu suna tashi sama suna tarwatsewa kafin ido ya gama tantance su. Na ga masu cewa zanen ya lalace ne saboda gaggawa, har suna tsayar da hoto ɗaya suna yi masa dariya, amma wanda ya faɗi haka bai kalli abin yana motsi ba. Hoto ɗaya da aka tsayar yana kama da zanen yaro a bango, amma idan suka jeru suna gudu sai ka ji nauyin kowane sara a ƙirjinka. Lokacin da Karna ya ƙone sulkensa domin ya sami ikon jefa mashin da ba a jefa shi sai sau ɗaya, allon wayar ya cika da ja da ruwan zinariya har ɗakin da nake zaune ya haskaka, shuɗin hasken Balmung, takobin Siegfried, kuma yana ta ƙanƙancewa a gabansa. Na tuna na cire abin sauraro daga kunne ɗaya domin in tabbatar ban yi ihun da zai tashi mutanen gida ba.

A cikin kashin dai aka haɗa da ƙarshen Atalanta da Achilles, jaruman Girka biyu na Jar runduna, kuma ban zaci zai taɓa ni ba. Ita maharbiya ce da burinta bai wuce duniyar da kowane yaro zai sami mai ƙaunarsa ba, kuma hankalinta ya gushe bayan ta ga an kawar da ruhohin yaran da take son ceta, sai ta yafa fatar gadun nan na almarar Girka ta koma dabba. Shi kuma ya zo da dunduniyarsa a huje, saurinsa ya ragu, ya rungume ta yana karɓar sukarta a jikinsa har suka shuɗe tare. A daren na aika wa ƙanina saƙo cewa na janye duk ƙorafin da na yi, shirin ya cancanci kuɗinsa da datarsa.

Da gari ya waye, ina kan hanyar zuwa aiki, sai na fara tambayar kaina wanene ma ya kayar da Karna, kuma da me. A nan ne haushin da na danne tun kashi na 4 ya dawo sabo. A kashi na 3 Karna da Siegfried na gaskiya sun gwabza a kan babbar hanya har gari ya waye, suka rabu da girmama juna da fatan sake haɗuwa. Kashi ɗaya kacal bayan haka, Siegfried ya zura hannu a ƙirjinsa ya ciro zuciyarsa ya ba wani yaro da bai sani ba, ɗaya daga cikin waɗanda Baƙar runduna ke ƙerawa a tankunan gilashi domin ta riƙa tatsar ƙarfin sihiri daga jikinsu. Jarumin da ya kashe dodon Fafnir ya yi wanka da jininsa ya fita daga labarin kafin mu gama sanin muryarsa, aka bar mu da wannan yaro a matsayin tauraro har ƙarshe.

Ba na ƙin yaron domin rauninsa, abin da na kasa haɗiyewa shi ne komai nasa na aro ne. Zuciyarsa ta Siegfried ce, sunansa Sieg ma guntun sunan Siegfried ne, takobin da ya fara ratayawa Astolfo na Baƙar runduna ne ya ba shi, da Mordred ta Jar runduna ta kashe shi kuma tsawar Frankenstein ta Baƙar runduna ce ta tashe shi. Ikon rikiɗewa zuwa siffar Siegfried na minti uku ya zo masa ne ba tare da ya yi gumi ba. A daren da nake ta yabo ɗin nan, mashin Karna ya riga ya cinye shi, sai ga Astolfo ya faɗo da garkuwar Achilles, wadda ita ma aro ce a kan aro, ya tare. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, amma a wannan shiri ya rufe har ya yi saura, kuma an buƙaci in yi murna da hakan. Idan ya buɗe baki, tambaya ɗaya yake maimaitawa game da ko mutane nagari ne ko mugaye, da murya ɗaya, da fuska ɗaya, kamar tuwon da aka manta ba a yi masa miya ba.

Abin ya ƙara ɓaci da aka jingina masa Jeanne d'Arc. An kira ta ne a matsayin mai tsawatarwa, wadda ba ta kowane ɓangare, aikinta ta tabbatar an bi ƙa'idar yaƙin. Wannan ita ce yarinyar da ta jagoranci rundunar Faransa aka ƙone ta a Rouen a 1431 tana da shekara 19, amma rabin lokacinta a shirin ya tafi ne wajen bin Sieg tana kiran sunansa tana jin kunya. Tamkar alƙalin wasa ne ya ajiye usur ya sa rigar ƙungiya ɗaya, sannan a ce ’yan kallo su ci gaba da ganin girmansa. An yi ƙoƙarin fakewa da cewa zuciyar Laeticia, yarinyar da Jeanne ta shiga jikinta, ita ce ke son yaron, amma ƙarshen shirin da kansa ya rushe wannan uzuri.

Alkawarin bakwai da bakwai ma da ƙanina ya yi mini bai cika ba. Iyayengiji biyar na Jar runduna an shayar da su guba tun farko, suka miƙa hatiman da suke ba jarumansu umarni da su ga limamin cocin nan Shirou, wanda daga baya ya bayyana a matsayin Amakusa Shirou na tawayen Shimabara da aka murƙushe a 1638. Ban ga dabararsu ba, ban ji burinsu ba, fuskokinsu ma da ƙyar na riƙe. Wanda ya ga yadda masu sihiri ke farautar juna da makirci a Fate/Zero zai ji giɓin nan kamar haƙorin da ya fita. Vlad na Uku ne ya ɗan riƙe ni a tsakiyar shirin, sarkin Wallachia da ya kara da Sarki Muhammadul Fatih na Daular Usmaniyya a 1462, wanda a nan aka nuna shi yana neman wanke sunansa daga tatsuniyar mai shan jini. Ban yarda da hoton mai kare ƙasa da aka ba shi ba, domin na san abin da ya yi wa fursunoninsa da tsinannun itatuwan nan masu tsini, amma lokacin da ubangidansa Darnic ya tilasta masa ya zama ainihin dodon da ya tsana, na ji cin amanar har cikin raina.

Akwai kuma maganar sauti, wadda ta ci mini kuɗi kai tsaye. Duk lokacin da manyan makamai suka haɗu, ƙarar takan fashe ta riƙa ɓarɓarniya kamar lasifikar da aka ƙure a wurin biki. Na ɗauka abin sauraron nawa ne ya mutu, na saya sabo a bakin hanya, na dawo gida na tarar da ƙarar tana nan yadda take, ashe haka aka ga damar haɗa ta. Shigar da aka yi wa Jack the Ripper, makashin nan na Landan da a nan aka mayar ƙaramar yarinya, ita ce ta sa na daina kallo a falo gaba ɗaya, domin babu bayanin da zan iya yi wa wani babba idan ya shigo ya gani.

Da shirin ya bi Mordred da ubangidanta Kairi Sisigou, da yanzu wani sharhi dabam nake rubutawa. Shi gabjejen mutum ne mai tabo a fuska, mafarauci na haya da ke kwana a maƙabarta yana harbi da yatsun matattun masu sihiri, ya kuma kira ta da guntun katakon Zagayayyen Teburin Sarki Arthur. Ita mai zafin kai ce, ba ta yarda a kira ta mace, tana yawo da jar riga tana tuƙin ganganci, burinta a ba ta damar gwada zare takobin da ya naɗa mahaifinta Arthur sarauta. Hirarsu a kan abinci da cikin mota ta fi kama da ta uba da ’yarsa mai taurin kai, kuma sai can gaba aka gane cewa shi ma ya taɓa rasa ’yar riƙo ta dalilin gadon sihirin gidansu. A kashi na 23 suka shiga ɗakin sarautar Semiramis, sarauniyar da Amakusa ya kira, mai cike da guba, ya ratsa ya kai wa Mordred makari alhali ya san shi ba zai fita ba. Bayan an gama suka zauna a ƙasa, ya miƙa mata taba, suka yi ’yar hira marar wani babban jawabi, kowa ya tafi. Mintunan da aka ba su a duk shirin ba su kai rabin na Sieg ba, kuma su ne kaɗai na yi kewarsu.

Kashi biyun ƙarshe na kalle su ne ina danna waya a gefe. Amakusa yana son ya ceci ’yan Adam ta hanyar cire musu mutuwa da son rai, hujja ce da ta cancanci a ba ta amsa mai nauyi, amma aka warware ta da dambe tsakaninsa da Sieg, wanda daga nan ya rikiɗe ya zama dodo ya ɗauki ƙoƙon ya tashi da shi zuwa bayan duniya, Jeanne kuma ta bi sawunsa. Na sake aika wa ƙanina saƙo cewa na janye janyewar da na yi, ya amsa da cewa, “Haba Yaya, kai fa ka ce ya cancanci kuɗinsa.” Ban musa ba, na faɗa da bakina da ƙarfe biyu na dare, kuma a kan wancan kashi ɗaya har yanzu ina nan a kan maganata.

Kafin wa'adin kuɗin da na biya ya ƙare na koma kashi na 22 sau huɗu. Kowane karo nakan bar shi ya tafi har inda Karna ya ƙone sulkensa ya ɗaga mashin sama, hasken ya mamaye allon, sai in tsayar da shi a nan in kashe wayar tun Astolfo bai iso da garkuwar ba.