Shuɗiyar ganga mai zobe: ta dace da adana ɗanyar harawa?

Gangar roba mai cin lita 200, wadda murfinta ke da zoben ƙarfe, ana amfani da ita don rufe ɗanyen lablab (wani dangin wake da ake shukawa don dabbobi) da ganyen wake ba tare da iska ba, su yi tsami su ajiyu har zuwa bazara. Tana aiki, amma sai an bi sharaɗinta.

Abin da ya sa ta fi buhun leda shi ne ɓera da gara ba sa huda ta, kuma tana shekaru ana mora. A busasshiyar harawa, iskar hunturu na kakkaɓe ganye ta bar kara, alhali a ganyen ne furotin ya fi yawa. A cikin ganga kuwa ganyen bai zuba ko'ina.

Wajen saye a duba abu biyu. Na farko, robar da ke zagaye a bakin murfi ta ciki. In babu ita, ko ta tsage, iska za ta shiga, kuɗi sun tafi a banza. Na biyu, a tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki. Wadda ta ɗauki maganin feshi ko wani sinadari, a bar ta ko da an karya farashi, domin wanki ba ya fitar da shi daga jikin roba.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen cikawa. Dangin wake ba su da zaƙi sosai, shi ya sa in aka rufe su su kaɗai suke ruɓewa maimakon su yi tsami. A yanka lablab yana fara fure, a shanya shi na wasu awoyi ya yi yaushi, har in an matsa a hannu ruwa bai ɗiga ba. A daddatsa shi kamar santimita 2 zuwa 3. Kowane kilo 100 a yayyafa masa maɗin rake kilo 3 zuwa 5, ko a gauraya shi da ɗanyen karan masara ko dawa, rabi da rabi. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, mutum ya shiga yana tattakawa, musamman gefe-gefe. A cika har baki a rana ɗaya, a shimfiɗa leda, a ɗaure zobe. In an danne da kyau tana ɗaukar kilo 100 ko fiye.

A ajiye ta a inuwa, don zafin Maris da Afrilu na gasa roba har murfi ya karkace. Kada a buɗe kafin sati 3. Sati 6 ya fi. Mai kyau yana fitowa kore mai ɗan rawaya, da ƙamshin tsami. Wanda ya yi baƙi, yana yauƙi da wari, ko ya yi fumfuna, a zubar, kada a ba dabba.

Babban naƙasunta ƙanƙanta. Saniya mai cin kilo 10 a rana za ta cinye ganga guda cikin kwana 10 zuwa 12, kuma da an buɗe dole a riƙa ɗiba kullum ana mayar da murfi. Mai turkar sa ɗaya ko biyu, ko mai saniyar tatsa a gida, ganga 6 zuwa 10 za su taimaka masa sosai. Mai garke kuwa ya haƙa rami ya shimfiɗa leda, zai fi masa sauƙin kuɗi.